André le Géant: ciwon da ya yi masa suna shi ne ya yi ajalinsa

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon kokowar Turawa, wadda muke kira kac kamar yadda Faransawa ke faɗa, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce mata resilin, da wuya a ce bai ci karo da hoton wani ƙaton mutum mai baƙar singileti mai igiya ɗaya a kafaɗa ba. Shi ne André René Roussimoff, Bafaranshe ɗan manoma, wanda ƙasarsa ta sani da André le Géant, Amurkawa kuma suke kira André the Giant, wato André Ƙato. Masu shirya wasa suna tallarsa da tsawon mita 2 da santimita 24 da nauyin kilo 236, suna yi masa kirari da abin al'ajabi na takwas a duniya. Ya yi fiye da shekara 20 yana cika filaye daga Montreal zuwa Tokyo, ya rasu a 1993 yana da shekara 46 kacal. Girman jikin nan da jama'a ke biyan kuɗi su gani ciwo ne, kuma André ya san haka tun yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai.

Kafin a shiga tarihinsa, yana da kyau a tuna bambancin kac da kokowarmu ta gargajiya. A filin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, babu wanda ya san mai ɗaukar takobi sai an yi kaye a gaban kowa. A kac kuwa mai kamfani ne ke tsara wanda zai ci da wanda za a kayar tun kafin a hau dandali. Ana raba ƴan wasa gida biyu, na kirki da jama'a za su so, da mugaye da za a yi wa ihu, a ƙulla musu gaba ta wata da watanni kamar a fim. Nasara ita ce ka danne kafaɗun abokin karawa biyu a ƙasa har alƙalin wasa ya ƙirga uku. Sai dai faɗuwar da ake yi a kan katakon dandalin ta gaske ce, haka ma ciwon baya da na gwiwa da ke biyo bayanta.

Ɗan manomi daga Molien

An haifi André ranar 19 ga watan Mayu na 1946 a garin Coulommiers, gabas da birnin Paris, ya tashi a wani ƙaramin ƙauye mai suna Molien da ke ƙarƙashin Ussy-sur-Marne. Iyayensa baƙi ne a Faransa: mahaifinsa Boris daga Bulgeriya ya zo, mahaifiyarsa kuma asalinta ƴar Polan ce. Shi ne na uku cikin ƴaƴa biyar. An haife shi da nauyin kilo 6, amma a farkon ƙuruciyarsa babu abin da ya tayar wa gidan da hankali, yaro ne mai jiki kamar sauran ƴaƴan gona. Da ya kai shekara 12 tsawonsa ya riga ya wuce mita 1 da santimita 90, ya fi malamansa.

A wannan ƙauye suna da wani maƙwabci da duniya ta sani: marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ailan, Samuel Beckett, wanda ya gina ɗan gida a Ussy-sur-Marne don ya riƙa kaɗaita yana rubutu, kuma ya samu lambar Nobel a 1969. Beckett yana cikin manyan da kan rage wa yaran ƙauyen hanya zuwa makaranta a motarsu, har da André da ƴan'uwansa. Daga baya labarin ya yi ta kumbura a bakin mutane, har aka riƙa cewa motar ƴan makaranta ce ta yi wa yaron kaɗan shi ya sa marubucin yake ɗaukarsa shi kaɗai. Danginsa sun ce ba haka aka yi ba. Irin wannan ƙarin gishiri ya bi André har ƙarshen rayuwarsa.

Ya bar makaranta yana da shekara 14, kamar yadda yawancin ƴaƴan manoma ke yi a lokacin. Ya yi aiki a gonar mahaifinsa, ya koyi kafinta, ya kuma yi aiki a wata masana'anta da ke ƙera injinan na'urar ɗaure ciyawa. Babu wanda ya kwanta masa a rai cikin ayyukan nan. Yana da shekara 18 ya tattara ya nufi Paris.

Paris da sunan aro

A shekarun 1960 kac tana tashe a Faransa. Gidan talabijin na ƙasa yana nuna ta da dare, ɗan jarida Roger Couderc yana sharhi, jama'a kuma sun rabu tsakanin gwanaye biyu masu rufe fuska: L'Ange Blanc mai fararen kaya, da abokin gabarsa Le Bourreau de Béthune mai jar hula. Ana yin wasannin a zauruka irin su Élysée Montmartre, kusa da unguwar Barbès, da Salle Wagram, da Cirque d'Hiver, tsohon gidan wasan da aka buɗe tun 1852. Masu shirya wasa ba su ɓata lokaci ba da suka ga wannan saurayi. Da rana yana dakon kayan masu ƙaura daga gida zuwa gida, da dare yana koyon faɗuwa da kamu.

Sun laƙaba masa suna Géant Ferré, daga baya Jean Ferré. Sunan aro ne daga Grand Ferré, wani ƙaƙƙarfan manomi na yankin Picardie da tarihin Faransa ke cewa ya yaƙi sojojin Ingila da gatari a ƙarni na 14. Waɗanda suka san André a hotunan ƙarshen rayuwarsa kawai za su yi mamakin finafinan wannan zamani. Dogo ne marar ƙiba, mai sauri, yana iya tashi sama ya doki ƙirjin abokin karawa da ƙafa biyu ya sauka lafiya. A 1966 ya haɗu da Frank Valois, ɗan kokowa daga Kanada, wanda ya zama mai ba shi shawara kuma abokin tafiyarsa. Da shi ya fara fita waje, ya yi wasa a Ingila da Jamus da Ostareliya da Niyu Zilan da wasu ƙasashen Afirka.

Abin da likitocin Japan suka gano

A 1970 ya sauka Japan a karon farko, inda kamfanin International Wrestling Enterprise ya yi tallarsa da sunan Monster Roussimoff. A wannan tafiya ce likitoci suka shaida masa cewa yana ɗauke da cutar akromegali.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan'adam akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, likitoci na kiransa ipofiz da Faransanci. Shi ne ke fitar da sinadarin da ke sa yaro ya girma, kuma idan mutum ya balaga sai ya rage aiki. Idan ƙari ya fito a jikinsa, sai sinadarin ya yi ta kwarara babu tsayawa. In abin ya faro tun ƙuruciya, yaro ya yi tsawon da ya wuce misali. Bayan ƙasusuwa sun daina tsawo kuma, sai su koma yin kauri: hannuwa da ƙafafu su ƙara faɗi, goshi ya turo, haɓa ta yi nauyi, murya ta yi kauri. Kayan ciki su ma suna girma, har da zuciya, wadda ke kumbura tana wahala wajen tura jini cikin jikin da ya fi ƙarfinta. Gaɓoɓi da ƙashin baya suna lalacewa da wuri. Wanda ba a yi wa magani ba yawanci ba ya daɗewa a duniya.

Maganin shi ne a yi tiyata a cire ƙarin. An ba André wannan shawara, kuma an sake ba shi ita a Amurka bayan shekaru, bai yarda ba. Makusantansa sun ce yana tsoron kada aikin ya taɓa abin da yake ci da shi, yana kuma ganin yadda aka halicce shi haka zai zauna. Wasu ƴan kokowa da suka zo bayansa da irin wannan ciwo sun zaɓi wata hanya. Paul Wight, wanda aka fi sani da Big Show, an yi masa aikin a farkon shekarun 1990, haka ma Great Khali ɗan Indiya a 2012.

Ido wa ka raina

A 1971 André ya koma Montreal, birnin Kanada mai magana da Faransanci. Nan da nan ya riƙa cika Forum, babban zauren wasan ƙanƙara na birnin. To amma kasuwar ba ta daɗe ba. Masu shirya wasa sun rasa wanda za su haɗa shi da shi jama'a su yarda akwai gasa, mutane kuma sun saba ganinsa mako bayan mako, sai cinikin tikiti ya fara ja da baya. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Valois ya kai kuka wurin Vincent McMahon babba, mai kamfanin WWWF na birnin New York, kamfanin da ya zama WWF a 1979, ya kuma zama WWE a 2002. McMahon ya canza abubuwa uku. Ya ba shi sunan André the Giant. Ya hana shi tsalle-tsalle da dukan ƙafa biyu, ya ce ya tsaya kamar dutse, abokan karawa su yi ta karo da shi suna zubewa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ya hana shi zama wuri ɗaya. A lokacin an rarraba Amurka yanki-yanki, kowane yanki da mai kamfaninsa da ƴan wasansa da tashar talabijin ɗinsa. McMahon ya riƙa ba su aron André na ƴan kwanaki, su cika zaure, su biya shi kaso mai tsoka, su biya McMahon ladansa, ƙaton ya wuce gaba kafin ido ya saba da shi. Sai bayan watanni zai sake dawowa garin.

Ranar 26 ga watan Maris na 1973 ya fara wasa a Madison Square Garden, zauren New York mai ɗaukar mutum kusan dubu 20, wanda ƴan kac ke ɗauka a matsayin fadar sana'arsu, ya kayar da Buddy Wolfe. Dabarar McMahon ta ci. Littafin bajinta na Guinness na 1974 ya sa shi a matsayin ɗan kokowar da ya fi kowa samu a tarihi zuwa lokacin, da dalar Amurka 400,000 a shekara. A 1976 ya fito a shirin talabijin da masu kallon Faransanci suka sani da L'Homme qui valait trois milliards, a matsayin dodon daji mai gashi.

A cikin watan Yuni na 1976 ɗin, daren da Muhammad Ali ya kara da ɗan kokowar Japan Antonio Inoki a Tokyo, an tara mutum fiye da dubu 30 a filin Shea Stadium na New York don su kalli damben a babban allo. Kafin a fara, André ya hau dandali da ɗan dambe Chuck Wepner, mutumin da ya kai Ali har turmi na 15 a 1975, wanda labarinsa ya haifar da fim ɗin Rocky. A turmi na uku André ya sungumi Wepner ya jefa shi waje ta saman igiya. A wannan fili dai, ranar 9 ga watan Agusta na 1980, ya kayar da wani matashi mai farin gashi da ke cikin sahun mugaye a lokacin, Hulk Hogan.

A Japan kuwa, inda ya koma aiki da kamfanin Inoki, matsayinsa daban ne: shi ne mugun baƙo da ƴan ƙasa ke ƙoƙarin kayarwa. A can ya fi sakin jiki ya nuna abin da ya iya. Karawarsa da Ba'amurke Stan Hansen a Tokyo a watan Satumba na 1981 tana cikin wasannin da masana kac ke cewa ya fi yin bajinta.

Duniyar da ba a gina don shi ba

Kusan kwana 300 yake yi a hanya kowace shekara, kuma babu abin da aka ƙera daidai jikinsa. A jirgin sama kujera biyu yake ɗauka, ban-ɗakin jirgin kuma ba ya shigarsa, ko da tafiyar ta kai sa'o'i goma sha zuwa Tokyo. Gadon otel ya yi masa gajere, motar haya ta yi masa ƙunci. Abokan tafiyarsa sun ce da fensir yake juya lambobin wayar tarho, domin yatsansa ba ya shiga ramin. Duk inda ya sa ƙafa mutane na nuna shi da yatsa, yara su gudu, manya su yi dariya ko su nemi taɓa shi. Waɗanda suka zauna da shi sun ce abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya nunawa a gaban jama'a.

A ɗakin ƴan wasa shi ne babba. Yana kiran kowa da maigida, yana son karta, kuma idan aka fita cin abinci ba ya yarda wani ya biya. Wanda ya raina shi ko ya cika baki kuwa, a dandali yake gane kurensa, domin babu mai iya tilasta wa André yin abin da bai ga dama ba. Ya yi ƙaurin suna wajen shan giya, abokan sana'arsa suna ba da labaran kwalabe fiye da ɗari a zama ɗaya, kowa da adadin da yake faɗa. Amurkawa sun mayar da wannan abin raha, amma na kusa da shi sun danganta yawan shan da ciwon da yake kwana da shi yake tashi da shi. Wurin da yake samun sakewa shi ne gonarsa ta Ellerbe, a jihar North Carolina, inda yake kiwon shanu, mutanen garin kuma sun saba da shi ba sa tsayawa kallonsa.

Jiki ya fara gazawa

A 1981 ya sauko daga gado da safe, idon sawunsa ya karye saboda nauyin jikinsa. Kamfanin bai bar wannan ya wuce a banza ba. Aka shelanta cewa wani mugun ɗan wasa mai suna Killer Khan, Bajapane da ake tallarsa a matsayin ɗan Mongoliya, shi ne ya diro masa a ƙafa ya karya shi. Da André ya warke, mutane suka yi ta tururuwa su ga ramuwa, har aka rufe rigimar a Philadelphia a watan Nuwamba da wasan da sai an fitar da wanda aka kayar a kan gadon ɗaukar majinyata.

A 1982 Vince McMahon ƙarami ya sayi kamfanin daga hannun mahaifinsa, ya rushe tsarin yanki-yanki, ya nufi mamaye Amurka baki ɗaya ta hanyar talabijin. Tauraron da ya zaɓa shi ne Hulk Hogan, wanda ya koma sahun na kirki ya ɗauki kambun kamfanin a watan Janairu na 1984. André ya daina yawon aro, in ban da Japan. A bikin WrestleMania na farko, ranar 31 ga watan Maris na 1985 a Madison Square Garden, ya ɗaga wani ƙato ɗan'uwansa, Big John Studd, ya maka da ƙasa, ya ci jakar dalar Amurka 15,000, ya fara watsa wa ƴan kallo kuɗin kafin manajan Studd, Bobby Heenan, ya fizge jakar ya gudu.

A 1986 ya tafi Ingila ɗaukar fim ɗin The Princess Bride na Rob Reiner, wanda ya fito a 1987. Ya fito a matsayin Fezzik, ƙato mai taushin zuciya. Da yake Turancinsa na da nauyin harshen Faransa, sai Reiner ya ɗauki maganganun a kaset ya ba shi ya haddace. A lokacin bayansa ya lalace ƙwarai. Mutumin da ya saba ɗaga ƙarti ya kasa tallabar jarumar fim ɗin, Robin Wright, sai da aka riƙe ta da wayoyi daga sama a wurin da ya kamata ya cafe ta. Duk da haka ƴan fim ɗin sun ce ya ji daɗin aikin, domin a wurin babu mai zura masa ido. Daga baya ya riƙa yawo da kaset ɗin fim ɗin yana nuna wa abokansa. A wannan tsakani ne aka yi masa babbar tiyata a baya.

Daren Silverdome

McMahon ƙarami yana neman wasan da zai cika filin ƙwallo a WrestleMania na uku, kuma suna ɗaya ne zai iya tsayawa gaban Hogan. Ya je har Ingila ya shawo kan André. A farkon 1987 aka ƙulla labarin a talabijin: aka ba Hogan babban kofi na cika shekara uku da kambu, aka ba André ƙarami na shekara 15 ba a kayar da shi ba. Bayan ƴan makonni sai ga André ya fito tare da Bobby Heenan, tsohon abokin gabarsa, ya nemi a ba shi damar karawa kan kambun, ya cafki rigar Hogan ya yage ta har da sarƙar wuyansa. Mutumin da yaran Amurka suka taso suna ƙauna ya koma sahun mugaye.

Tallar da aka yi ta ce ba a taɓa kayar da shi ba, ba a kuma taɓa ɗaga shi ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne. An ci shi a Bagadaza a 1971 a hannun ɗan Iraƙi Adnan Al-Kaissie, Inoki ya ci shi a Japan, Hansen ya ɗaga shi a 1981, El Canek ya ɗaga shi a Meziko a 1984, shi kansa Hogan ya taɓa ɗaga shi a 1980. Amma a zamanin da babu intanet, abin da talabijin ɗin kamfani bai nuna ba kamar bai faru ba ne.

An yi wasan ranar 29 ga watan Maris na 1987 a Pontiac Silverdome, rufaffen fili kusa da birnin Detroit a jihar Michigan, wanda daga baya ya karɓi wasannin cin kofin duniya na ƙwallon ƙafa a 1994. Kamfanin ya sanar da ƴan kallo 93,173. Wasu ƴan jaridar da ke bin harkar sun ce adadin gaskiya ya fi kusa da dubu 78, kuma har yau ana gardama a kai. An kai André dandali a kan ƴar ƙaramar mota, jama'a suna jifansa da takardu da kofuna. A ƙarƙashin singiletinsa akwai ɗamarar da ke riƙe masa baya. An tsara wasan yadda ba zai yi motsi da yawa ba: yawanci yana tsaye ne, ko ya rungume Hogan yana matsewa. Bayan kimanin minti 12 Hogan ya sunkuce shi ya maka da ƙasa, ya diro masa da ƙafa, alƙali ya ƙirga uku.

Hogan ya sha faɗa daga baya cewa har ya hau dandalin bai tabbata André zai bi tsarin ba. Ko an ƙara gishiri a nan ko ba a ƙara ba, kowa a sana'ar ya san babu mai ɗaga mutum mai wannan nauyi sai da yardarsa da taimakonsa. André ya yarda a yi masa kaye a gaban taro mafi girma da kac ta taɓa gani a Amurka zuwa lokacin, ya faɗi a kan bayansa mai ciwo, ya bar wa Hogan da kamfanin martabar da ya tara cikin shekara 14.

An sake haɗa su ranar 5 ga watan Fabrairu na 1988 a Indianapolis, tashar NBC ta nuna kai tsaye, mutum miliyan 33 suka kalla, adadin da wani wasan kac bai sake kaiwa ba a talabijin ɗin Amurka. A daren ne André ya ɗauki kambun WWF, ta hanyar wata dabara da aka shirya da alƙalan wasa tagwaye, Dave da Earl Hebner: aka ɓoye na gaskiya, ɗan'uwansa ya ƙirga uku alhali kafaɗar Hogan na sama. Nan take André ya miƙa kambun ga Ted DiBiase, attajirin labarin da ya saye shi, kamfanin kuma ya soke cinikin. Sarautarsa ba ta wuce ƴan mintoci ba.

Komawa gida

Daga nan jikin ya ci gaba da gazawa a idon kowa. A ƙarshen 1989 aka haɗa shi da Haku ɗan Tonga suka ɗauki kambun ƴan bibbiyu, Haku yana yin aikin, André yana tsaye a gefe riƙe da igiya. Ranar 1 ga watan Afrilu na 1990, a WrestleMania na shida a Toronto, suka rasa kambun. Heenan ya mare shi, André ya rama, filin ya ɗauki sowa, ya fita a matsayin na kirki kamar yadda ya shigo. A watan Satumba na 1992 Amurkawa suka gan shi a talabijin karo na ƙarshe, yana dogara sanduna biyu. Japan ce ta riƙe shi har ƙarshe, inda yake fitowa tare da Giant Baba, wani dogon ɗan wasa da ƙasar ke girmamawa. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ranar 4 ga watan Disamba na 1992 a Budokan na Tokyo, zauren da aka gina don wasan judo na Olamfik ɗin 1964.

A watan Janairu na 1993 ya koma Faransa saboda rasuwar mahaifinsa. Bayan jana'iza ya ƙara kwanaki don ya yi bikin ranar haihuwar mahaifiyarsa tare da ita. Ranar 27 ga wata ya wuni a Molien yana karta da abokan ƙuruciyarsa, da dare ya koma otel ɗinsa a Paris. A cikin barci zuciyarsa ta tsaya, washegari aka tarar da gawarsa. Ya bar ƴa mace ɗaya, wadda aka haifa a 1979, kuma yawon sana'a bai bar shi ya zauna da ita sosai ba.

Ya bar wasiyya a ƙone gawarsa, kamar yadda wasu Turawa ke yi. Ba a samu wurin da zai iya ɗaukar jikinsa a Faransa ba, sai aka kai shi Amurka a jirgi, aka watsa tokar a gonarsa ta Ellerbe. A watan Maris na wannan shekara WWF ta buɗe zauren tunawa da gwanayenta, kuma sunansa kaɗai aka sa a shekarar farko. Kasuwar dai ba ta sake shi ba: a 1995 wani kamfanin hamayya, WCW, ya fito da Paul Wight yana tallarsa a matsayin ɗan André, alhali babu dangantaka tsakaninsu sai ciwo iri ɗaya. Tun 2014 WWE take shirya gasar ƴan wasa da yawa a dandali ɗaya da sunansa a lokacin WrestleMania, wanda ya ci a ba shi kofi mai siffar André. Shea Stadium da Silverdome, filaye biyu da ya kara da Hogan a cikinsu, duk an rushe su.